Ƙamus ɗin intanet da ya warware mini addu'ar Gayatri

Duk wanda ya taso da kallon fim ɗin Indiya ya taɓa jin "Om bhur bhuvah svah", ko da bai san sunanta ba. Addu'ar Gayatri ke nan. Da na zo karatu birnin Pune na Indiya, sai na tarar maƙwabtana 'yan Hindu suna karanta ta da sanyin safiya. Ni Musulmi ne, ba ibada zan yi da ita ba. So nake in san me mutanen da muke gaisawa kullum suke roƙo.

Fassarorin da ke yawo a waya ba su gamsar da ni ba. Wani ya ja ta har ta cika shafi, wani ya cusa ra'ayinsa ciki. Sai wani abokin karatuna ya nuna mini shafin ƙamus-ƙamus na Sanskirit, tsohon harshen Indiya da addu'ar take ciki, wanda Jami'ar Kolon ta Jamus ke kula da shi. Kyauta ne, babu rajista. A ciki akwai ƙamus ɗin Monier-Williams na 1899, kuma kana iya rubuta kalma da baƙaƙen boko ko na Devanagari, rubutun Indiya.

Addu'ar baiti ce a cikin Rigveda, tsohon littafin addinin Hindu, kashi na 3, waƙa ta 62, baiti na 10, ana kuma jingina shi ga Vishvamitra, ɗaya daga cikin magabatan malamansu. Ma'auninsa ɗango uku ne masu gaɓa takwas-takwas. Wancan farkon da muka sani, "Om bhur bhuvah svah", ƙari ne a kan baitin; kalmomi ukun bayan "Om" na nufin ƙasa, sarari, sama.

Aikin fa sai da haƙuri. Kalmomin Sanskirit kan sauya kama idan sun haɗu da na kusa da su, don haka sai ka mai da kalma asalinta kafin ka nema, kamar yadda ɗalibin Larabci ke komawa tushe. Misali a baitin, "Bhargo" sai ka nemi bhargas: haske, ƙyalli. "Dhiyo" daga dhi take: tunani, basira. Abin da ya fi burge ni, shafin kan faɗi tsofaffin littattafan da kalmar ta zo a ciki, har ya buɗe maka hoton ainihin bugun takarda ka duba da idonka. Da na harhaɗa, ma'anar ta fito gajera: mu yi tunani a kan fiyayyen hasken Savitr, abin bautarsu mai alaƙa da rana, shi kuma ya zaburar da basirarmu.

Sai dai shafin yana buƙatar mai jin Turanci, kuma ƙamus ba ya koyar da nahawu. Kalmar "dhimahi" da ke cikin baitin ma masana da kansu sun saɓa a kanta: wasu sun ce "mu yi tunani", wasu "mu samu". In za ka gwada, nemi wanda ya san nahawun ya zauna kusa da kai.