Injin hura iska ko robar baki: na sayi duka biyun

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaye ni wanne za ka saya don minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci, injin hura iska ko robar baki. Sayi injin, ka bar robar bakin nan inda ka gan ta. Na faɗa maka tun daga farko don kada ka gaji da karatu, amma daure ka kai ƙarshe, saboda murar da ka ce ta ƙi sakinka wata ɗaya da rabi, da nauyin zuciyar da ka saƙala a layin ƙarshe na saƙonka kamar mai jin kunya, duk suna da hannu a wannan ciniki.

Robar na fara saye, don arha. Jika 12 na ba wani mai kawo kaya, irin wadda ake tsomawa cikin ruwan zafi a ciza ta ɗauki siffar haƙora. Kwana 9 na yi da ita, muƙamuƙina ya riƙe har tauna ƙosai ta zama aiki, minshari kuma bai fasa ba. Tana nan cikin akwati har yau. Ba zan zalunce ta ba: wadda likitan haƙori ya auna wa mutum tana turo haɓa gaba ta buɗe maƙogwaro, kuma tana taimakon wanda ciwonsa bai yi nisa ba. To kai takardar gwajinka ta ce numfashinka yana ɗaukewa ko ya yi rauni sau 34 cikin awa ɗaya. Daga 5 zuwa 15 ƙarami ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya wuce 30 mai tsanani ne, kuma ba a ƙirga ko ɗaya sai ya kai daƙiƙa 10. Ka wuce ajin roba.

Kafin injin nan da likitoci ke kira sipap ya shigo gidana, ni ne abin dariyar fadarmu. Ana zuba shayin farko ina gyangyaɗi, kafin na uku an tashe ni sau biyu. Huɗubar Juma'a kuwa ban san sau nawa na ji ƙarshenta ba tare da na ji tsakiyarta ba. Abin ya daina zama wasa ranar da nake dawowa daga Mirya da rana tsaka, na farka tayar mota tana cin gefen hanya. Uwargida ta daɗe tana faɗa mini cewa minsharin bai dame ta kamar shirun da ke biyo bayansa ba, lokacin da take zaune tana jiran in ja numfashi.

Makon farko da injin na tsane shi. Takunkumin da ake ɗaurawa a fuska yana matse karan hanci, iska tana zuba ta gefe tana hura mini ido, tsakar dare in cire in jefar. A dare na goma ne na kwanta bayan isha'i, ban san inda nake ba sai da na ji hannu a ƙirjina. Uwargida ce, ta shigo ta ji ɗakin tsit, ta zo ta taɓa ta gani ko da rai. Ana kiran assalatu a lokacin. Na tashi babu ciwon kan da na saba tashi da shi, bakina bai bushe ba, kuma ban fita fitsari ko sau ɗaya ba, ni da nake fita sau uku a dare har na fara zargin ciwon suga. Rannan na zauna a shago har la'asar ido buɗe. Shekarata uku ke nan da shi, ko kwana zan yi a Maradi yana cikin jakata.

Aikinsa ba wani siddabaru ba ne. Ba iskar asibiti ta cikin tulu yake bayarwa ba, iskar ɗakinka ce yake tacewa ya turo ta cikin tiyo da ɗan ƙarfi, ta tokare naman maƙogwaro kada ya rufta idan barci ya saki jiki. Wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da dabarar a 1981. Ƙarfin iskar yana tsakanin 4 da 20, kuma likita ne zai ce maka naka, ko ka sayi mai daidaita kansa cikin dare. Nawa mai daidaita kansa ne, shi nake ba ka shawara, don mu nan ba kullum za ka samu mai saita maka ba. Maganar ɗaukewar kuran kuma, kada ta hana ka. Batir ɗaya da panon rana suna kai ni asuba, muddin na kashe abin ɗumama ruwan da ke jiƙa iskar, don shi ne mai shan wuta.

Sai dai da hancin nan naka a toshe, injin zai zame maka azaba, ka ce na cuce ka. Mura ta gaskiya kwana 7 zuwa 10 take yi ta tafi, tari ya ɗan biyo baya. Wadda ta kai sati shida ta zama wani abu dabam: ko ƙurar hunturu ce jikinka bai so, ko kogunan da ke bayan hanci sun kumbura, ko kuwa maganin da kake fesawa ne ya juya maka baya. Wannan na ƙarshen ya ci ni. Feshin buɗe hanci yana aiki kamar tsafi kwana biyu uku, amma in ka wuce kwana biyar hancin ya saba, da ya sake ka sai toshewar ta dawo fiye da da, ka ƙara fesawa, haka har hunturu ya ƙare. Ka ajiye shi. Ka wanke hanci safe da dare da ruwan gishiri na farmasi, ko ka tafasa ruwa ya huce ka sa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya. Kafso na mai tebur ba ya kashe mura. In kuma tarin ya wuce sati biyu, musamman da zufar dare ko rama, je a gwada majinar ƙirjinka don tarin fuka kafin komai.

Don haka ka nemi inji mai ɗan kwanon ruwa da ke jiƙa iskar, ka haɗa da takunkumi mai rufe hanci da baki tare, don daren da hanci ya ƙi. Iskar Damagaram daga Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiya ce, in inji ya turo maka ita haka nan sai hanci ya tsage har da haɓo. Ƴar matatar da ke bayansa kuma, duk abin da takardar kamfani ta ce, a hazo duba ta nake duk Juma'a, in tarar ta yi ja kamar ƙasar Birni. Kada ka zuba ruwan batir na bakin gareji a kwanon, ba ka san me aka gauraya ba.

Yanzu maganar zuciya. Ƙanena, ni ma na yi ta, ban faɗa wa kowa ba. Na daina zuwa fada, abinci ba ya mini daɗi, yara su yi ƙaramin abu in hau su da faɗa, sannan in shiga ɗaki in rasa me ke damuna. Mutumin da ƙwaƙwalwarsa ke farkawa sau ɗari biyu a dare don neman iska, dole ransa ya yi baƙi, kuma ciwon nan da ciwon damuwa sukan zo tare, alamominsu ma suna kama. Injin ya ɗauke mini kamar rabi cikin wata biyu. Sauran rabin bai tafi ba sai da na zauna gaban likita na faɗi gaskiya, ya ɗora ni kan magani da ya ɗauki kusan sati huɗu kafin in ji bambanci, ya kuma gargaɗe ni kada in yanke shi lokaci ɗaya. Addu'a ban bari ba, maganin ma ban bari ba. In nauyin ya wuce sati biyu kullum yana nan, je babban asibiti ka ce a haɗa ka da mai duba irin wannan. In har tunanin gara mutuwa ya taɓa gifta maka, a ranar za ka gaya wa wani naka ku tafi tare. Kuma ka nisanci ƙwayar barci irin diyazefam, da ƙwayar kashe ciwo irin tramol, suna ƙara sakin maƙogwaro su danne numfashi, ga mai irin ciwonmu haɗari ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai mai miƙo maka injin tace iskar asibiti ya ce duk ɗaya ne, alhali ba ya tokare maƙogwaro. Akwai ɗan abin roba da ake cusawa a ƙofar hanci, ana tallarsa a Facebook da sunan ƙaramin sipap, kuɗinka kawai zai ci. Akwai kuma na hannu da aka goge aka sa a sabon kwali. Kowane inji yana ƙirga awannin da ya yi aiki, ka sa a kunna a gabanka a buɗe maka wurin ka gani. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin injinansa saboda soson da ke rage ƙara yana rugurgujewa ya bi iska, kuma irin kayan da aka ƙi a Turai da Amurka ka san inda suke ƙarewa. Ka duba lambar jikin injin a intanet kafin ka biya. Mai sayarwar da bai tambaye ka takardar likita ba, ba shi da tiyo da matata na canji, ya ce maka gobe kayan za su ƙare, ka yi masa sallama.

In kana cikin gari ranar Asabar, biyo ta shago bayan la'asar da takardar gwajin. Zan sa yaro ya ɗauko nawa daga gida ka ɗora takunkumin a fuskarka, ka san girman da zai yi maka kafin ka aika kuɗi Kano ko Yamai.