Google Earth Pro wajen duba filin bakin Kogin Kaduna: abin da yake iyawa da inda yake yaudara

Dillali ba ya kai mutum ganin filin bakin kogi sai da rani. Lokacin ƙasa ta bushe, Kogin Kaduna ya janye ya koma tsakanin duwatsu, fuloti a Kigo Road ko Rafin Guza ko tsallake wajen Danbushiya ya yi kyau kamar ba a taɓa ambaliya a garin ba, alhali an yi ta mai muni a 2003 da 2012. Shi ya sa safiyoyi da masu yanka filaye da yawa ke fara buɗe Google Earth Pro kafin su taka wurin. Manhaja ce ta kwamfuta mai nuna hotunan ƙasa da aka ɗauka daga sama, kyauta ce tun 2015, kuma tana iya ajiye hotuna har gigabait 2, yadda za a sake duba wurin ko babu intanet.

Babban amfaninta shi ne tsofaffin hotuna. Akwai alamar agogo a saman allo. In ka danna ta, sai layin shekaru ya fito, ka riƙa ja baya kana ganin yadda wurin yake kafin a gina shi. Hanyar aiki da shi mai sauƙi ce: ka zana layi a kan gaɓar kogi a hoto mafi tsufa da ya fito tangaran, ka ba shi launi, ka dawo hoton bana ka zana wani, sannan ka auna tazarar da ke tsakaninsu da alamar rula. A inda kogi ya yi kwana, ɓangaren waje ne ruwa ke ci, na ciki kuma yashi ke taruwa. Filin da ke wajen kwana zai iya rasa ƙasa ko da ruwa bai taɓa hawa kansa ba, kuma layukan nan biyu za su nuna saurin zaizayar. Haka nan tsohon hoto kan tona asirin ƙaramin rafin da aka cike da shara da jar ƙasa aka yanka fuloti a kai. Irin wannan ya fi babban kogin haɗari, domin idan kogi ya cika, ruwan unguwa ya rasa mafita, sai ya dawo ta kwalbati ya bi tsohuwar hanyarsa, ko da falon wani ne yanzu a kanta.

Sai dai akwai tarko a hotunan. Tauraron ɗan Adam ba ya gani ta cikin gajimare, don haka yawancin hotunan da suka fito fes na rani ne. Da wuya ka samu na Agusta ko Satumba, watannin da kogin ke kai maƙura. Kada a nemi ruwa a hoton, a nemi sawunsa: wurin da ya yi kore shar a Fabrairu alhali kewaye ya bushe, lambunan kayan miya, ƙasa mai duhu, ramukan masu haƙar yashi. Duk wannan fadama ce, ko me aka rubuta a takardar sayarwa.

Wajen auna tudu da kwari kuwa, manhajar ba abin dogaro ba ce. Za ka iya zana layi daga fili zuwa kogi ta nuna maka gangaren, kuma zanen yana da kyan gani. Amma awon tsayin a wurare irin namu daga sama aka ɗauko shi, irin na SRTM, awon da jirgin sararin samaniya ya yi da rada a 2000, wanda ke ba da lamba guda ga kowane murabba'i mai kimanin mita 30. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan mita 15 ne da 30, wato rabin murabba'i ɗaya ke nan. Ga kuskuren da kan kai mitoci da dama, ga shi awon kan haɗa da kan bishiyoyi. A bakin kogi kuwa mita ɗaya tak ke raba gidan da ya tsira da wanda ruwa ya kai taga. Wannan aikin na safiyo ne da na'urarsa, ya ɗauki tsayin filin ya kwatanta da shatar da ambaliya ta bari a katangun maƙwabta. Tsofaffin unguwa da mai unguwa sun san inda ruwa ya tsaya a kowace babbar shekara.

Kuskuren da aka fi yi shi ne na lambobin iyaka, wato lambobin da ke nuna inda kusurwoyin fili suke a taswira. Takardun safiyo da yawa a Najeriya an yi su ne a kan ma'aunin Minna, tsarin awon taswira na cikin gida, ita kuma manhajar da na duniya mai suna WGS84 take aiki. In aka kwafi lambobin kai tsaye ba a juya su ba, filin zai gusa da mita 80 ko fiye, ya isa ya ɗauke fuloti daga cikin fadama ya ɗora shi a kan tudu a allo. A duba ma'aunin da aka rubuta a gefen takardar, a sa safiyo ya juya, sannan a saita manhajar a kan UTM, tsarin da ke raba duniya shiyya-shiyya ya ba da lambobi da mita. Kaduna na shiyya ta 32 ta arewa.

Ga masu tsara unguwa gaba ɗaya, manhajar ta dace da zanen farko: ware zirin da za a bari ba gini a gefen kogi da rafuka, nuna inda magudanai za su zuba, a tura fayil ɗin KMZ da manhajar ke ajiye zanen a ciki ga injiniya. Tana kuma nuna yadda rufin kwano da siminti suka cinye gonaki a saman gangare, abin da ke ƙara gudun ruwan da ke saukowa kan na ƙasa.

Abin da ba za ta faɗa maka ba shi ne matsayin filin a doka. Ko yana cikin tsarin da gwamnati ta amince da shi, wannan bincike ne a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna. Tazarar da za a bari daga gaɓa da izinin gini kuwa na KASUPDA ne, hukumar tsara birane ta jihar, kuma ginin da aka yi a hanyar ruwa ba izini yana iya shan rusau. A je ofisoshin biyu da lambobin da aka riga aka juya, tare da hoton wurin na da da na yanzu a buge a takarda.