Biron lauyan da ya ɗaukaka mana ƙara a Tahoua

Ƙanena sana'ar albasa yake yi. Yana ɗaukar ta Galmi bashi a hannun manoma, ya loda zuwa Abijan, in ya sayar ya dawo ya biya. Bara mota ta lalace musu a hanya kwana da kwanaki, rabin kayan ya ruɓe. Mai albasar ya kai ƙara, kotun farko ta ce cin amana ne, aka sa shi kaso. Ranar da aka yanke hukuncin Inna ko ruwa ba ta sha ba.

Wani abokin kasuwa ne ya haɗa ni da biron (wato ofishin) wani lauya a Yamai, don a can mafi yawan lauyoyin ƙasar nan suke. Na kira da la'asar. Kafin mu yi zancen kuɗi sai da ya tambaye ni ranar da aka yanke hukunci. Na ce kwana shida ke nan. Ya ce, "Alhaji, a shari'ar laifi irin wannan kwana 10 ne wa'adin ɗaukaka ƙara, kuma wajen magatakardan kotun da ta yanke hukuncin ake rubuta ta. Gobe da sassafe za a yi." Wallahi ni a zatona muna da wata guda.

Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da ya zo Tahoua ya zauna da mu a zaure. Ya buɗe dosiye, ya fiddo hukunce-hukuncen da kotunan ɗaukaka ƙara suka yanke kan rigimar ƴan kasuwa, ya ja layi da jan biro a wuraren da suka shafe mu, yana fassara mana da Hausa. Ya ce bashi daban, amana daban. In an ba ka kaya ka ajiye ko ka sayar wa mai shi sannan ka cinye, wannan laifi ne. In kuwa saya ka yi bashi ka kasa biya, magana ce ta biyan kuɗi tsakaninku. Ya sa na nemo ɗan littafin da ƙanena ke rubuta buhuna, wanda duk ya sha maiƙo, ya ce farashin da aka rubuta gefen kowane lodi shi ne shaidar ciniki. Inna ta ce, "Metir, ba za su ƙara masa shekaru ba?" Ya ce in wanda aka hukunta kaɗai ya ɗaukaka ƙara, ba a ƙara masa hukunci, sai dai in mai gabatar da ƙara ma ya ɗaukaka.

A da kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne, Yamai da Damagaram. Yanzu da akwai ta Tahoua, Inna da kanta ta je ta zauna a bayan ɗanta.

Inda ban ji daɗi ba, kuɗin zirga-zirga. An faɗa mini kuɗin aiki tun farko, amma na mota da masauki sai daga baya suka riƙa ɓullowa, kuma an ɗage zama har sau biyu. Waya ma sai ka kira sau uku kafin sakatariya ta ɗauka. Wanda zai je ya nemi a rubuta masa komai a takarda.

Kotu ta soke hukuncin laifi, ƙanena ya fito. Bashin yana nan a wuyansa, ana biya kaɗan-kaɗan, kuma mai albasar ya sake ba shi buhu talatin bana.