Lauyoyin "in ba a ci ba, ba ko sisi": yadda ta kaya min a Manchester

Wata 14 kenan da wani direba ya buɗe min ƙofar mota a Wilmslow Road, ina kan keke na taso daga aiki da daddare, kafin in taka birki sai ji na na yi a ƙasa, kafaɗa ta goce, wuyan hannu ya tsage. Shekaranjiya kuɗin diyya suka shigo, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda muka yi da ofishin lauyoyin da suka riƙe min maganar. Ba zan kama suna ba, irinsu sun yi yawa a garin nan kuma duk kusan tafiyarsu ɗaya.

Da farko ma ban yi niyyar neman komai ba. Hajiyata a waya cewa ta yi ƙaddara ce, in gode Allah da ya tsaya a hannu, in yafe wa bawan Allah. Wani abokin aikina ne ya fahimtar da ni cewa ba daga aljihun direban kuɗin za su fita ba, kamfanin inshorarsa ne zai biya, don irin wannan ranar ake tilasta wa kowane mai mota yin inshora. Sati 7 na yi ban fita aiki ba, haya kuwa ba ruwanta da karaya.

Tsarin nasu shi ne wanda ake ce wa no win no fee, wato in ba a yi nasara ba ba ka biyan lauya. Gaskiya ne, amma kar wani ya ɗauka kyauta ce. In an ci suna yankar nasu, doka ta ce kada ya wuce kashi 25 cikin 100 na diyyar ciwo da asarar da ka riga ka yi, su kuma wallahi 25 ɗin suka ɗauka cif, ba ragi. Ga kuma kuɗin wata inshora da suka yanka min don kar ƙara ta faɗi a bar ni da bashi, ita ma daga nawa aka cire. Duk yana cikin takardar da na sa wa hannu, ni ne ban karanta da kyau ba, su kuma ba su tsaya sun warware min ba.

Inda suka burge ni shi ne wajen ja da kamfanin inshora. Tayin farko ya zo tun kafin likita ya duba ni, ni har na fara lissafin abin da zan tura gida, lauyar ta ce kar in kuskura, a jira rahoton likita. Abin da aka biya daga baya ya kusa ninka wancan. Sai kamfanin ya ɓullo da maganar wai ban sa hular kwano ba a rage min, ta ce musu a Ingila ba dole ba ne mai keke ya sa, sannan hannu da kafaɗa ne suka ji ciwo, hula me za ta hana? Ta kuma kawo musu ƙa'idojin hanya da aka sabunta a 2022, inda aka shawarci direba ya buɗe ƙofa da hannun da ke nesa da ita don ya waiga ya ga mai keke. Shiru kake ji.

Ɓangaren waya kuwa sai haƙuri. Sau uku aka canza min mai kula da fayil, kowanne sai na sake ba shi labari daga tushe, ka kira a ce za a kira ka, sai ka yi sati biyu ba ko imel.

Na kai musu wani maƙwabcina ɗan Zangon Kumasi da kare ya ciza a ƙafa wajen kai saƙo wani gida. Tambayar farko da suka yi masa, mai karen yana da inshora? Tun 2014 dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta shafi har cizon da aka yi a cikin gidan mutum, to amma laifi daban, samun kuɗi daban. Motar da ba ta da inshora ko wadda ta gudu akwai wata ƙungiya mai suna Motor Insurers' Bureau da ke biya, kare kuwa sai dai mai shi ko inshorarsa. Suka gano mutumin ba shi da komai, suka ce ba za su ɗauki ƙarar ba, ya je wajen 'yan sanda. Abin bai min daɗi ba, amma dai ba su ja shi a ƙasa ba.

Wa'adin shigar da ƙara shekara 3 ne daga ranar hatsari. Hotunan da wata baturiya ta ɗaukar min ina zaune bakin titi, da lambar motar, da rasit ɗin keken, su lauyar ta fi tambaya. A ma'aunin yabo, tauraro uku da rabi na ba su, da suna ɗaga waya da huɗu ne. Keken dai na sayi sabo, har da hular.