Kibod ɗin ya yi, amma mai sayarwa ya bar ni da tsohuwar manhaja

Dalili ɗaya ne ya sa na sayi kibod ɗin nan. Ina so in danna maɓalli ƙ ta fito, in haɗa da Shift in ga Ƙ, ba sai na je na kwafo harafin daga wani wuri na manna ba. Duk mai yawan rubutun Hausa a kwamfuta ya san wannan wahalar. Shekara da shekaru ina sa b da d da k a gurbin masu lanƙwasa, in na gama in dawo ina bi ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa. Shi ya sa da na ga irin kibod ɗin nan da ake sayarwa a warwatse mutum ya haɗa abinsa, mai maɓalli 61, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa yana aiki da QMK, wato buɗaɗɗiyar manhajar cikin kibod da ke ba mutum damar sauya aikin kowane maɓalli, ban yi wata-wata ba. Mai sayarwar kuwa kun san irinsu, ba sai na kama suna ba.

Wata takwas ke nan ina aiki da shi, kuma in aka ce jikinsa kawai za a duba, ba ni da ƙorafi. Allon yana da kauri, ramukan sun zauna daidai, haɗa shi bai ci mini fiye da yamma ɗaya ba. Ina jona shi ya kama aiki. A ranar da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya je ya saya.

Da na zo kan haruffan ne magana ta sauya. Kibod ba harafi yake aika wa kwamfuta ba, lambar maɓallin da aka danna yake aikawa, ita kwamfutar ce ke fassarawa. Babu maɓallin ɓ a wannan tsari, don haka dabara QMK take yi: da ka danna, sai ta buga lambar harafin ta Unicode da sauri a madadinka. Ta ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ga mai son ƴ kuma 01B4. A Linux tana fara danna Ctrl da Shift da U kafin lambar, a Windows sai ka saka ƙaramar manhajar WinCompose, a Mac kuma ka kunna Unicode Hex Input. Wannan aikin ba a kunne yake zuwa ba. Dole ka buɗe asalin rubutun manhajar cikin kibod ɗin, ka kunna shi, ka rubuta jerin haruffanka, ka sake harhaɗawa, sannan ka yi wa kibod ɗin filashin, wato ka ɗora masa sabuwar manhajar.

Na duba rumbun QMK, inda kibod iri-iri suke jere kowanne da jakarsa, babu nawa. Na koma wurin mai sayarwa, abin da ya ajiye fayil ɗaya ne da aka riga aka harhaɗa, wanda ba ya gyaruwa. Na rubuta masa cikin ladabi na nemi asalin rubutun. Kuma jama'a, wannan ba alfarma na roƙa ba. QMK tana ƙarƙashin lasisin GPL ne, wanda ya ce in ka gina abu a kanta ka raba wa mutane, to haƙƙinsu ne su samu asalin rubutun. Ita kanta QMK haka ta samu: daga wata manhajar kibod mai suna TMK ta fito, Jack Humbert ya ɗauki wancan aikin ya faɗaɗa shi domin kibod ɗinsa na Planck, wasu suka zo suka ɗora. Mai sayarwar da ya ci moriyar wannan duka shi ne ya bar ni sati uku ina jira, da tuni har sau huɗu, kafin ya turo mini wata dunƙulalliyar jaka ba ko gaisuwa.

Abin da ke ciki tsohon kwafi ne na rumbun gaba ɗaya, wanda aka yanko tun shekarun baya aka ajiye ba a sake waiwayarsa ba. Na ciro jakar kibod ɗina na sa a sabon rumbu, ta ƙi harhaɗuwa. Wannan bai dame ni sosai ba, don kurakuran suna faɗin kansu. Maɓallin da a da ake kira RESET ya koma QK_BOOT. Bayanin ƙafafun ƙwaƙwalwar allon da yadda layukan maɓallai suke haɗe da su, wanda a da ake zubawa a config.h, yanzu a fayil ɗin JSON ake son sa. Cikin dare ɗaya na bi su duka, ta harhaɗu, na yi filashin.

Sai maɓallai biyar suka mutu, a tsaye, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, har da D a ciki. A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai, duk da na san ba ni na jawo shi ba. Ban mayar da tsohon fayil ɗin na gwada ba, don zuciyata ta riga ta tafi kan dalmar da na liƙa. Na ɗauka garin buɗewa da rufewa ne wani wuri ya saki. Dare uku ina narkar da dalma ina sakewa, na cire dayod biyu na sa sabbi, kuma garin haka zafi ya ɗaga ɗan tagullar da ke ƙarƙashin D, ya rabu da allon. Allo lafiyayye, na ji masa ciwo da hannuna. A dare na huɗu ne na ɗauko mita na bi layin tun daga maɓalli har ƙafar ƙwaƙwalwar, sai na ga layin ba ya zuwa ƙafar da aka rubuta a fayil ɗin. Wata ƙafa dabam yake zuwa. Ashe sun sake fasalin allon a wani lokaci, suka mayar da wannan layin wata ƙafa, amma rubutun tsohon fasali suka turo mini. Layi ɗaya na gyara, huɗu suka tashi nan take. D kuwa sai da na ja mata 'yar siririyar waya ta baya.

Na rubuta masa na bayyana abin da ya faru, da hoto, da sunan ƙafar da ta sauya, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa. Bai ce uffan ba.

Bayan wannan sai matsalar wuri. Ƙwaƙwalwar allon ATmega32U4 ce, mai kilobait 32, kuma 4 daga ciki na ɗan shirin da ke karɓar filashin ne, saura bait 28,672 ke nan. Mai sayarwa ya kunna kusan duk wani salon wutar ado da ke akwai, ga linzamin da ake tuƙawa da maɓallai, ga wasu abubuwan da ban taɓa nema ba. Ina ƙara Unicode aka ce manhajar ta fi ƙarfin wurin. A nan ne QMK ta ba ni mamaki, kuma na daɗi. Akwai shafi guda a cikin bayananta da aka keɓe domin matse manhaja ta shiga irin wannan ƙaramar ƙwaƙwalwa, an jera abin da za ka kashe da abin da kowanne yake ci. Na kunna LTO_ENABLE, mai rage girman manhaja, a fayil ɗin rules.mk, na kashe linzamin, na bar salon wuta biyu kacal, sai ga wuri har da rara. Wanda ya zauna ya rubuta shafin nan bai san ni ba, bai karɓi komai a hannuna ba, amma ya fi wanda na biya kula da ni.

Daren da ƙ ta fara fitowa ba zan manta da shi ba. Na sa haruffan a hawa na biyu, inda kowane maɓalli ke samun aiki na dabam, in riƙe maɓalli ɗaya da babban yatsa in danna K. Akwai wani tsari mai suna UP da ke haɗa ƙaramin harafi da babbansa a maɓalli guda, ya duba ko Shift ko Caps Lock na kunne ya zaɓi wanda ya dace. Na rubuta ƙasa, na rubuta Ɗanjuma, na rubuta ɓarawo, na zauna ina kallonsu. Daga baya na ƙara nawa a cikin process_record_user, inda ake tare kowane danni kafin ya wuce, na yi maɓallin da ke fitar da 'y da wanda ke sauya tsakanin Linux da Windows ya kuma nuna mini da launin wuta inda nake. Na ɗan gwada sa K ta zama ƙ in an riƙe ta, amma jiran milisakan 200 da ake yi kafin a bambance danni da riƙewa yana karya mini saurin rubutu, na koma kan hawa na biyu. Abu ɗaya da ya kamata mai sha'awa ya sani: tunda lamba ake bugawa a ɓoye, akwai wuraren da ba sa karɓa, sai ka ga 0199 ta zube a fili maimakon harafin. Ba kullum ba ne, amma yana faruwa.

Da a nan labarin ya tsaya, da na yafe. Amma manhaja irin wannan ba a gama ta. Duk wata uku QMK take shigo da manyan sauye-sauye, kuma tana sanarwa tun kafin lokaci, tare da jerin abin da ya sauya. Kibod ɗin da ke cikin rumbun, masu kula da shi ne suke gyara masa jakarsa in sun sauya wani abu na gama-gari. Nawa da yake a waje, ni ne uwarsa ni ne ubansa. Tsarin maɓallaina ba shi da matsala, don tun ƙarshen 2023 aka buɗe hanyar da mutum zai ajiye nasa a rumbunsa na kansa, can na kai shi. Jakar allon ce nake ɗauke da ita kamar jinya. Sau biyu ke nan ina sabuntawa, sau biyu ina zama in karanta abin da ya sauya in gyara da hannu. Aikin da ya kamata mai allon ya yi sau ɗaya, ya shigar da shi rumbun kowa ya huta, ya bar wa kowane mai saye ya yi ta maimaitawa shi kaɗai, wanda bai iya yaren rubuta manhaja na C ba kuwa ya haƙura da abin da aka ba shi.

Abin da ya sake tayar mini da ɓacin ran shi ne watan jiya, da na ga ya fitar da sabon fayil wai ya gyara matsalar wuta. Harhaɗaɗɗe ne kuma, babu asalin rubutu. Ban san me ya gyara ba, kuma in na ɗora shi haruffana sun tafi. Don haka yanzu in aka tambaye ni, ba na cewa a saya. Na gaba da zan haɗa mai ƙwaƙwalwar RP2040 ne, wanda wurinsa ya kai megabait kuma filashinsa jan fayil ne kawai a ajiye, sannan sai na buɗe rumbun QMK na ga jakarsa da idona kafin in biya. Na yi tunanin in tsabtace jakar da na gyara in miƙa ta rumbun da kaina, amma fasali ɗaya kawai ke hannuna, ba zan iya gwada na tsohon allo ba, kuma ba na son in jefa wani cikin irin dare ukun da na yi. Na sake rubuta masa na tambayi fasali nawa suka fitar da abin da ya bambanta su. Yau kwana 19, shiru.