Wata Uku a Sashen Gashin Ƙashi: Abin da Na Gani

Shekara huɗu na yi ina fama da ciwon baya, irin wanda dogon zama a kan keken ɗinki yake jawowa, kuma a duk tsawon lokacin nan maganina bai wuce ƙwayar diclofenac daga kemis da man zafi ba, sai ƙaho da wanzami ya yi mini sau biyu. Da cikina ya fara zafi, likita ya gargaɗe ni cewa yawan shan irin wannan ƙwaya yana kawo gyambon ciki, yana kuma lahanta ƙoda, sannan ya tura ni sashen gashin ƙashi na wani asibiti a nan Katsina.

Na tafi da zaton za a kwantar da ni a gasa mini baya da na'ura, amma jami'in da ya karɓe ni sai ya fara da tambaya: "Malam, me ciwon nan ya hana ka yi wanda ka fi so ka koma yi?" Na ce masa ruku'u, domin na daɗe ina salla a kan kujera. A kan wannan amsa ya gina komai. Ya nuna mini yadda zan kwanta rigingine a kan tabarma in ɗaga ƙugu sannu a hankali, ya ce in riƙa tashi daga keke ina miƙewa duk bayan rabin awa, ya kuma hana ni ɗamarar da nake ɗaure baya da ita.

Wannan hani ne ya fi ba ni mamaki. Ya bayyana mini cewa jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan ciwon baya da ya wuce wata uku ya fifita motsa jiki da ilmantar da majinyaci, bai goyi bayan ɗamara ko ƙwayoyi dangin tramadol ba. A ganina hanyar da ta dace ke nan, domin ta mayar da rabin maganin hannuna.

Aibin wurin shi ne ƙarancin ma'aikata: wanda ya zo da hantsi kan kai azahar a layi, kuma na ga dattijai daga ƙauyuka da kuɗin mota ya sa suka daina zuwa.

Ciwon bai rabu da ni gaba ɗaya ba, yakan motsa da sanyin asuba. Amma Juma'ar da ta wuce a cikin sahu na yi salla, ba tare da kujera ba.