Modul ɗin katin SD da na saya a Terminus, ga yadda muka kwashe

Jama'a na sayi ƙaramin modul ɗin katin SD a wani shago a Terminus nan Jos, na haɗa shi da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta da ake sa wa kod don sarrafa na'urori) tare da allon TFT (ƙaramin sikirin mai launi da ake taɓawa). Modul ɗin shi kaɗai dai yana aiki lafiya lau wallahi, araha kuma.

Matsalar sai ka haɗa su biyu a layin SPI ɗaya (hanyar da Arduino ke musayar bayanai da na'urori), kun san ai wayoyi uku suke rabawa, MOSI mai kai bayani ga na'ura a fin 11, MISO mai dawo da bayani ga Arduino a 12, kulok mai daidaita lokaci a 13, amma kowa da nasa CS (wayar zaɓen na'ura), Arduino yana saukar da CS na wanda zai yi magana da shi ƙasa sauran su yi shiru, to shi wannan modul ɗin ko an ɗaga CS ɗinsa sama baya sakin MISO, ya riƙe layin gam, taɓawar allon ta dena karantuwa kwata-kwata. Kwana biyu ina zargin kod ɗina! Ashe cif ɗin modul ɗin da ke sauya ƙarfin sigina daga 5V zuwa 3.3V ne ya jawo matsalar.

Mai shagon ya kyauta gaskiya, ya canza min da wani ba gardama. Idan na'ura ɗaya za ka jona saye shi, in biyu ne nemi wani.